Wace Hausa zan yi wa manoman Maraɗi?

Tambaya: "Baba, a Yamai na girma. Hausa muke yi a gida, na ƙara da ta rediyo da ta finafinai. Na karanta aikin gona da Faransanci, yanzu an turo ni jihar Maraɗi ina aiki da ƙungiyoyin mata manoma, ina shirya musu saƙonnin murya ta waya. In na yi bayani sai su ce 'to', daga baya in tarar ba abin da na faɗa aka yi ba. Abokiyar aikina ta ce Hausar ƙauye ce ba ta da tsari, in daure da daidaitacciya har su saba. Wace Hausa zan riƙe? Kuma dole ne sai na koyi Fillanci?"

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, Allah shi yi albarka. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin malamin gona tsakanin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, daga baya na koma shirya wa manoma shirye-shirye a rediyo, don haka tambayarki ta zo inda aka san zafinta. In za ki rubuta, rubuta da daidaitacciyar Hausa, kamar yadda nake rubuta miki yanzu. In za ki buɗa baki gaban manomi, to kalmarsa za ki ɗauka, musamman sunan amfanin gona da na ƙasa da na awo da na kuɗi. Maganar abokiyar aikinki kuwa, cewa Hausar ƙauye ba ta da tsari, ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ina so ki ga dalili da idonki.

Da farko babu wani abu guda da ake kira Hausar ƙauye a jihar nan. Tarihi ne ya zuba mana kare-karen harshe kusa da juna kamar kunyoyin gona. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya tashi a 1804, birnin Katsina ya faɗi, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa su ma sun rasa Alkalawa a 1808, kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, nan kusa da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai ta rabin yini a ƙasa ba. Ga Katsinanci ga Gobiranci ƙofa da ƙofa, kusan shekara ɗari biyu ke nan, kuma kowane ya riƙe kamanninsa. Madarumfa da Ɗan Isa da garuruwan bakin iyaka Katsinanci ne ya fi ƙarfi. Gidan Rumji da yamma Gobiranci. In kika yi gabas ta Agye da Gazawa da Tasawa, kunnenki zai fara jin ƙamshin Daura da Damagaram. Arewa kuwa, Dakwaro da Mayahi, ƙasa ce da manoma suka yi ta shiga suna saran daji a ƙarnin da ya wuce, Gobirawa da Adarawa da Katsinawa kowa da bakinsa, suka tarar da makiyaya. A can za ki iya samun ƙauyuka biyu masu shan rijiya ɗaya, kowanne da irin maganarsa.

Ita daidaitacciyar Hausa da ake taƙama da ita, a kan Kananci aka gina ta, domin a Arewacin Nijeriya aka fara buga littattafan boko da yawa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Hukumar Hausa ta can aka kafa ta a 1955, BBC ta fara Hausa a 1957. Abin da aka buga aka kuma watsa shi ya zama ma'auni. Wannan ba laifi ba ne, kowane harshe yana bukatar hanyar rubutu guda. Amma zaɓi ne aka yi, ba a gwada Hausar Kano da ta Tsibiri a sikeli aka ga ɗaya ta fi nauyi ba.

Saurari tsohuwa a Gidan Rumji. Za ta ce shibka, sabka, zamna, amre, abduga, sabro. A littafi za ki ga shuka, sauka, zauna, aure, auduga, sauro. Dubi yadda abin yake tafiya a jere: a waɗannan kalmomi, inda take da b ko m a ƙarshen gaɓa, Kananci ya narkar da shi ya koma u. Masana harshe sun daɗe da gane cewa nata ne tsohon siffa, na Kano ne ya sauya daga baya. Wani Bajamushe, Klingenheben, ya bayyana wannan sauyi tun wajen 1928, har ana kiran ƙa'idar da sunansa. Haka harafin f. A bakin Bagobiri yakan zama hw gaban a, ya zama h a sauran wurare: hwari, hwara, hwadama, amma hura, hili, tahi. Ba ya taɓa rikita su. Inda littafi ya ce "suka zo, aka yi", nan za ki ji "sunka zo, anka yi". Inda ya ce "yana nan", ki ji "shina nan". "Allah ya kai mu" ya koma "Allah shi kai mu". "Na faɗa wa Abdu" ya koma "na hwaɗa ma Abdu". Ta ɓangaren Gobir da Adar kuma za ki ji "mi na na?" da "wanga" da "wagga", da "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce", da "yat tahi" a gurbin "ya tafi". Yaro ɗan shekara biyar a can ba ya kuskure a waɗannan. Abin da yaro ke bi ba ya kuskure, ai shi ne tsari.

To amma ki kwantar da hankalinki, ba wannan ne ke ɓata miki aiki ba. Matan nan suna jin rediyon waje, suna kallon finafinan Kano, ƴaƴansu suna zuwa cin rani Katsina da Kano da Legas. In kika ce "fari" ba wadda za ta kasa gane "hwari" kike nufi. Kada ma ki tilasta wa bakinki "hw" da "anka" tun ba su zauna miki ba, don wanda ke kwaikwayon maganar mutane da gangan, sukan ɗauka ba'a yake musu. Ɓarnar tana wurin kalmomin da ku duka kuka sani, amma kowa da abin da yake nufi da su. A nan ne kowa ke tashi daga taro yana ganin an fahimci juna.

Ɗauki hatsi. A littafi hatsi ya haɗa gero da dawa da maiwa. A gonakinmu in manomi ya ce hatsi, gero yake nufi, dawa kuwa dawa ce. In kika aika saƙo cewa a shanya hatsi sosai kafin a zuba a rumbu, kina nufin duka, mai dawa za ta ce ba da ita ake ba. Gujiya a nan ita ce wadda ake matse mai a yi ƙuli-ƙuli da ita, wato gyaɗar Kano, alhali a Kano in an ce gujiya waccan mai ƙwaya ɗaya mai tauri ake nufi, wadda ta wajenmu wasu ke kira ƙwaruru. Kuɓewa za ki ji an ce guro, barkono a ce tonka. Ɗiya na iya zama mace guda, na iya zama yara duka, sai yadda aka ja muryar. Likita kuma a Nijar wuri ne da mutum duka: "ta tahi likita" asibiti ta tafi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo irin waɗannan kalmomi da yawa, yana sa alamar Katsina ko Sakkwato ko Gobir a gabansu, don haka ba yau aka san da su ba. Ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini shi ma zai taimake ki, tunda ɗan ƙasa ne ya tsara shi.

Sai tsarin gona, kuma nan ne aikinki da mata ya fi shafa. Gandu gonar gida ce, mai gida ke riƙe da ita, kowa ya yi mata aiki, daga ita ake ci. Ɗan yankin da ake yanka wa mace ko saurayi ya noma wa kansa, a nan gamana ake ce masa, a Kano gayauna. In kika tambayi mace "kina da gona?" tana iya cewa e, tana iya cewa a'a, duka kuma gaskiya ta faɗa. Tambaye ta: gamana ce mai gida ya ba ki, ko gado ce, ko saye, ko aro, ko jingina? Amsar ita za ta gaya miki ko matar nan za ta yarda ta zuba taki ko ta bar itace ya girma a wurin. Mai gamana ta san ana iya karɓewa baɗi a ba ta wani gefen, ko a hana ta gaba ɗaya in ƙasa ta yi wa gidan kaɗan, abin da ya yawaita a kudancin jihar nan. Duk bayanin taki da za ki yi mata, tana ji, tana cewa to, tana kuma lissafin abin da ba ki tambaya ba. Mai aikin kuɗi a gonar wani kuma ɗan barema ne a nan, ba ɗan ƙwadago ba, gayya kuwa aikin taimakon juna ce da ake yi don abinci da zumunci.

Ƙasa ma sunaye gare ta. Jigawa rairayi ce mai sauƙin noma, tana shan ruwa da wuri, hatsi da gujiya da aya suna son ta. Geza ta fi tauri, sai ruwa ya sauka sosai take karɓar shibka, amma ta fi riƙon taki. Hwadama ta bakin gulbi laka ce, ta dawa da kayan lambu. Hwaƙo shi ne inda ƙasa ta mutu ta daskare, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Abin da aka koya miki a makaranta da dogayen sunaye na Faransanci, manomi ya riga ya raba shi da waɗannan kalmomi, kuma rabonsa ya fi amfani wurin ba da shawara, domin ya haɗa har da lokacin shibka da irin kayan aikin da ƙasar ke karɓa. Haiwar tsaye mai dogon ƙota da ake turawa a jigawa ba ta aiki a laka, can sai kwashe ko galma. Sungumi na saran ramin shibka ne. In kika ce "fartanya" kika tsaya, ba ki ce komai ba tukuna.

Kuɗi kuwa, bari in ba ki abin da ya faru a gabana. Wata shekara an kawo ingantaccen irin hatsi wani ƙauye arewa da Tsibiri, za a sayar da ƙunshi a kan sefa 500. Wani yaro sabon ɗauka, mai ƙwazo, ya hau kan kujera bayan sallar la'asar ya yi shela da kyakkyawar Hausa: ƙunshi ɗari biyar. Na ga dattijai sun dubi juna, wani ya gyara zaman hularsa, aka ce Allah shi saka da alheri, aka watse. Kwana uku ba wanda ya zo saye. Yaron ya fara cewa mutanen nan ba sa son ci gaba. Sai da wani tsoho ya same ni a gindin gawo ya ce, "Malam, wanga iri na zinariya na? Jikka biyu da rabi ƙunshi guda?" A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5. Ɗari biyar a kunnen manomi dala ɗari biyar ce, wato sefa 2,500. Abin da yaron ke nufi, "ɗari" kawai ake ce masa. Sefa 100 dala ashirin ce, sefa 1,000 jikka guda. Da aka sake shela da "ɗari", kafin magariba iri ya ƙare. Amma ruwan shibka ya riga ya sauka kwana biyu kafin nan, wasu sun zuba tsohon irinsu. Ke da kika tashi a Yamai kin san dala, na sani, amma mai karanta lamba daga takardar Faransanci yakan manta ya juya ta. A garuruwan iyaka kuma ki riƙa faɗin sefa ce ko naira, don duka biyu suna yawo a aljihu ɗaya.

Awo ma haka. Kilo da hekta na takarda ne. Mace a ƙauye tiya ta sani, wadda ke ɗaukar wajen kilo biyu da rabi na hatsi, da dami, da buhu. Girman gona da yawan tiyar irin da take ci ake faɗinsa, ko da damman da take bayarwa. Dabarar nan ta sa ɗan taki kaɗan a kowane rami, giram 6 na takin zamani mai haɗi uku, in an yi ramuka dubu goma a hekta ya kama kilo 60. Wannan lissafinki ne, ki riƙe shi a littafinki. Ita abin da za ki ce mata shi ne cikin marfin kwalbar lemo ɗaya a rami ɗaya, ki kuma nuna mata marfin a hannu. Lokaci ma kada ki ce ƙarfe kaza. Ce da sanyin safiya, ko da hantsi, ko bayan la'asar. Watannin Nasara ba su ne ke jan damana ba, manoma suna da nasu ƙirgen, shi ya sa ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Tambayi tsofaffin garin a wane wata ake a lissafinsu, ki ɗora saƙonki a kai.

Akwai kuma kalmomin aro, waɗanda suka shigo mana ta ƙofa biyu. Ta Faransanci muka sami lakwal da mushe da bik da kaye (littafin rubutu) da isansi da angire da porje. Ta Nijeriya, da yake Katsina na nan kusa kuma kasuwancin Maraɗi da can yake, muka sami fetur da asibiti da tasha da biro. Manomi na amfani da duka, wani lokaci a jimla ɗaya. Kada ki kore su don neman tsabtar harshe. In matan sun saba da angire, ce takin zamani sau ɗaya ki bi shi da angire, shi ke nan. Abin da za ki guje wa shi ne Faransancin da bai shiga gari ba, wanda mu ma'aikata muke cusawa a tsakiyar magana ba mu sani ba. Naɗi muryarki ki saurara, za ki yi mamakin yawansa.

Sunayen iri abin sha'awa ne a wannan fanni. HKP da ake rabawa ko'ina, wanda manoma ke kira ash-ka-pe, harufansa biyu na farko daga Zabarmanci suke, haini kire, wato jan hatsi. CIVT kuma harafinsa na ƙarshe Tarna ne, nan gefen Maraɗi inda cibiyar binciken aikin gona ta INRAN take. Zatib an haɗa sunan ne daga irin gargajiya biyu da aka gauraya, Zamfarwa da Cinin Bijini. Su kuwa manoma sukan raɗa wa iri sunan wanda ya kawo shi, ko garin da ya fito, ko yawan kwanakin da yake yi. Iri ɗaya na iya samun suna uku a gundumomi uku, suna ɗaya kuma na iya hawa kan iri biyu. Haka ƙwari da ciyayi. Tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi tana bin ta a murɗe, murzuna na fi jin ana ce mata, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye hatsi kuma ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta. A nan kada ki dogara da suna kaɗai, ko nawa ko na littafi. Ɗauki zangarniyar da ta kamu ki kai taro, ki ɗaga ta ki ce, "Mi kuke ce ma wanga?" Sunan da suka ba ki shi ne na saƙonki a wannan yanki.

Na ga amfanin suna mai kyau a kan aikin renon kututture. Tun wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su daina ƙone tohon kalgo da sabara da gawo in suna share gona, su zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi su bari su girma. Sunan aikin a takardun hukuma dogo ne. A gona sassaben zamani aka ce masa. Kowane manomi ya san sassabe, aikinsa ne na kowace bazara, sai aka ce masa ga sabuwar hanyar yin abin da ya saba. A ganina sunan nan ya ɗauki kaso mai yawa na nasarar da aka samu. Haka Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991: sunan ya girmama matan tun kafin su zuba ko dala.

Yanzu ga Fillanci. Mafi yawan mutanen jihar Maraɗi Hausa ce harshensu na farko, sauran kuma kusan duk mazansu suna jin ta. Amma akwai Fulani a ko'ina, daga dajin Baban Rafi a kudu har Bermo da Gadabeji a arewa inda Woɗaaɓe suke, akwai kuma masu Tamajak, musamman Dakwaro da Mayahi da kwarin Tarka. Sunan gari ma yakan gaya miki: inda kika ji Rugar wane, Fulani ne, inda kika ji Zangon wane, galibi masu Tamajak ne. Da yawansu yanzu manoma ne sosai, suna da gandu da rumbu. Ta gabas akwai zuriyar Barebari da suka daɗe da komawa Hausa, sai dai asali. Zaman tare ya sa harsunan sun ci juna. Burtali daga Fillanci muka same shi, haka habbanaye, wato ba mutum aron saniya ko akuya ta haihu ya riƙe ɗiyan ya mayar da uwar, wanda yanzu har ƙungiyoyin agaji suka ɗauka da sunansa. Takobi kuma da Tamajak muke tarayya a kansa.

Jin Hausar kasuwa daban, jin Hausar shari'a daban. Na taɓa zama a sasanta wata ɓarna, shanu sun shiga gonar wake kafin a buɗe gonaki. An zauna a zauren mai gari, aka yi ta magana da Hausa, ana kawo karin magana, ana ambaton dokar karkara ta 1993 da hukumar kula da filaye. Bafillacen da ke kiwon shanun, dattijo ne, yana tsugune da sandarsa a kafaɗa, duk abin da aka ce sai ya ce to. Aka yanka tara, aka yi fatiha. Washegari bai kawo ba, aka ce ya yi taurin kai. Da aka nemo wani matashi mai jin harsunan biyu aka koma rugar, sai ga abin da ke ciki. Shanun da suka yi ɓarnar ba nasa ba ne, na matarsa ne da na ƙanwarsa, ba shi da ikon sayar da ko ɗaya sai da yardarsu. Kuma ya so ya faɗa cewa gonar waken ta ci rabin burtalin da suke bi zuwa rijiya, amma a tarbiyyarsu musu da manya a bainar jama'a abin kunya ne, Hausarsa kuma ba ta kai ta jera hujja gaban masu gari ba. Matar, wadda dukiyar tata ce, Hausarta ba ta wuce ta tallan nono ba, ba wanda ma ya kira ta. Da aka sake zama da tafinta, aka je aka duba burtalin, tarar ta ragu, mai gonar ya ja da baya, aka biya a ranar. Jihar nan ta ga abin da rikicin manoma da makiyaya ke iya zama, wanda ya san kashe-kashen da aka yi a ƙauyen Toda a 1991 ba ya wasa da irin wannan zama.

Don haka ba dole ne ki iya Fillanci ko Tamajak kamar ƴar gida ba, amma dole ne ki san inda Hausarki ta tsaya. In ƙungiyarki tana da matan ruga ko na zango, nemi mace daga cikinsu ta sake faɗin saƙon da harshensu, a naɗa daban. Mace, ba namiji ba, don akwai abin da ba za su tambaya gaban namiji ba. Ke kuma koyi gaisuwa da ƴan kalmomi: kosam nono, ndiyam ruwa, gawri hatsi, nagge saniya. A Tamajak ruwa aman ne. Ranar da kika shiga ruga kika yi gaisuwa da harshensu, ko da karkatacciya ce, tabarmar da za a shimfiɗa miki daban ce. Ki kuma yi hattara da sunayen da muke kiran mutane. Buzu kalma ce da wasu ke karɓa, wasu kuma tana yi musu ciwo saboda tarihin bauta da ke manne da ita. Bororo mu ne muke faɗa, su Woɗaaɓe suke kiran kansu. Arna ko Anna ma ba a jefa ta haka nan. Tambayi mutum yadda yake so a kira shi.

"To" ɗin da ke damunki, ba a bakin Fulani kaɗai take ba. A ƙauyukanmu "to" na nufin na ji, ba ta nufin na yarda. Baƙuwa ce ke, kin zo da mota, kina da ilimi, ba mai ce miki a'a a fuska. In sun ce "sai mun yi shawara", akwai wanda ba ya wurin da sai an tambaye shi, galibi mai gida ko uwar miji. In sun ce "Allah shi kai mu" ba su sa rana ba, to da sauran magana. Kada ki rufe taro da "kun gane?", don amsarta ɗaya ce kullum. Ce wa ɗaya daga cikinsu, "Inna, in kin koma gida maƙwabciyarki ta tambaye ki abin da anka ce, mi za ki ce mata?" Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da kika koyar, ko kin so ko ba ki so ba. Wurin rubuta sunaye kuma ki tuna mace da yawa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kada ki matsa mata gaban mutane, tambayi ta kusa da ita. Gaisuwa ma kada ki gajarta ta. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, da damana a ƙara da ina ruwa, a ce miki ruwa ya yi gyara. Saƙon murya ma da ita za ki buɗe shi.

Game da rubutu, Nijar na da tsararriyar ƙa'idar rubuta Hausa tun 1999, kuma bambancinta da ta Nijeriya kaɗan ne, kamar wannan ƴ mai lanƙwasa da kike gani a nan. Matasa a WhatsApp da salon Faransanci suke rubutawa, "ou" a gurbin u, "tch" a gurbin c, kada ki bi su a takardar aiki. Ki kuma bincika ko akwai masu karatun ajami a garin, sau da yawa sun fi masu boko yawa a cikin dattijai, kuma malamin allo zai juya miki takarda guda cikin awa ɗaya. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ina murna da wannan, ina kuma fatan in an zo rubuta littattafan aikin gona za a shigar da gamana da geza da barema da tiya a cikinsu, kada a kwaso na wani wuri a ce yaranmu su haddace.

Saƙon da za ki naɗa na gaba, rubuta shi yadda kika saba, kada ya wuce minti biyu, batu ɗaya tak. Sannan ki kai shi wurin mace biyu ko uku daga yankin da za a aika, ki karanta musu, su mayar miki da shi da bakinsu, ki gyara duk kalmar da suka sauya. In da hali ma ɗaya daga cikinsu ta naɗa, ke ki gabatar da ita kawai. Na Madarumfa kada ki aika shi Dakwaro sai an sake wannan zama a can. Ki sayi kaye guda ki raba shi gunduma-gunduma, duk kalmar da kika ji ki rubuta ta da sunan garin da abin da aka nuna miki da hannu lokacin da aka faɗe ta. In kin cika shafi goma ki aiko mini in duba, akwai na Mayahi da na Tasawa da na tara tun ina yawon gonaki, sai mu gwada su da naki.